Lambun Bayan Gida: A Shirya Wa Bazara Tun Daga Kaka

'Yan'uwa manoma, kowa a ƙasar Tambuwal da Kebbe ya sani tukunyar miya ba ɗaya take ba a dukan watannin shekara. A watan Agusta ganye har yawa yake yi. Ko yaro aka aika bayan gari zai komo da ƙwarya cike da tafasa, ko rama, ko lalo. A Janairu kuwa kasuwa ja wur take da tumatir da tattasai na fadama, ga su da araha. Amma daga tsakiyar Maris har zuwa ƙarshen Yuni sai labari ya sake. Lambunan fadama sun ƙare, sabon ganye bai fito ba, hatsi ya ja baya cikin rumbu, miya ta koma kuka da daddawa yau da gobe. A daidai wannan lokaci ne kuma zafi yake tsananta, baƙon dauro yake bin yara gida gida.

Yaron da ba ya samun ganye da 'ya'yan itace ba lallai ne ya yi kukan yunwa ba, gama tuwo yana cika masa ciki. Abin da za a gani shi ne, da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango, wato dundumi ya kama shi. Ƙurji ba ya warkewa da wuri a jikinsa, zawo kaɗan ya kwantar da shi. A Sakkwato akwai asibitin yara da aka buɗe a 1999 domin wani mugun ciwo mai cin baki da fuska, wanda likitoci suke kira noma. Sunan kaɗai suka haɗa da noman da muke yi. Ciwo ne na yaran da ba su ƙoshi da abinci mai gina jiki ba, har a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ba mu ce lambu zai maye gurbin likita ko allurar rigakafi ba. Amma a ganinmu lambun gida ana auna kirkinsa ne da abin da ya sa cikin tukunya a watan Afrilu da Mayu, ba da yawan latas da ya bayar a Janairu ba.

Waɗansu za su ce ai akwai fadama. Gaskiya ne, Allah ya albarkace mu da ita, daga wajen Sanyinna da tafkin Romo har zuwa bakin Gulbin Zamfara a ƙasar Kebbe. Amma ba kowa yake da fili a can ba. Masu fili kuma sun ga yadda ambaliyar 2020 ta yi da amfanin fadama, sun ga yadda kuɗin man injin ban ruwa ya tashi tun da aka janye tallafin fetur a Mayu 2023. Ga kuma 'yan bindiga, waɗanda suka sa gonaki masu nisa da gari suka zama abin fargaba a ƙauyuka da dama, balle wajen iyaka da Zamfara. Lambun da yake cikin shingen gida ba ya bukatar fetur, ba kuwa sai an yi tafiya ba. Mace tana iya duba shi tana jiran ruwan tuwo ya tafasa.

Ruwa shi ne ma'auni

Kafin a ɗauki fartanya sai a yi lissafin ruwa. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya share fili babba a Nuwamba, lokacin da rijiya take cike, sa'an nan a Maris ya bar shi duka ya bushe. Da sanyi, fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi yana shan wajen lita 5 ko 6 kowace rana. Da bazara yana neman lita 8 zuwa 10. To, in ka yi komi 4, kowanne mita 1 a faɗi da mita 2 da rabi a tsawo, kana bukatar jarka 2 ko 3 masu lita 25 kullum da sanyi, jarka 4 kuma da bazara. Tambayi kanka wa zai ja wannan ruwa, tambayi rijiyarka kuma ko za ta bayar. In amsa ba ta gamsar ba, yi komi 2. Ƙaramin lambu mai rai ya fi babba matacce.

Zaɓi wuri kusa da rijiya, inda hantsi yake samu sosai amma bango ko itace yake tare ranar yamma. Sa'an nan shinge. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata biyu kafin a tashi daga sujada ran Lahadi. A ja darni na kara mai kauri, a toshe ƙasansa da ƙaya saboda kaji, a ƙara masa tsawo ta gabas da arewa inda iskar hunturu take fitowa.

Da yawa cikin 'yan ikkilisiyarmu ma'aikata ne ko 'yan kasuwa masu zaman haya, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa. Su ma ba a bar su a baya ba. Tsohon buhu, ko bokitin da ya fashe, in an cika shi da ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1, aka huda gindinsa, zai riƙe barkono ko alayyafo. Ran da aka tashi daga gidan kuwa sai a ɗauki lambun a tafi da shi.

Kaka da hunturu

Shekarar mai lambu da kaka take farawa. Ana cikin yankan gero a Satumba da Oktoba sai a ware kara domin darni, a tara harawa da ganye domin rufe ƙasa, a buɗe ramin takin da aka cika tun damina. Kada a sa ɗanyen kashin dabbobi a komi. Yana ƙona saiwa, yana kiran gara, yana kuma iya sa ciwon ciki ta wurin ganyen da ake ci ɗanye. Takin da ya yi wata 2 ko 3 a rami, ya yi baƙi, warinsa ya tafi, shi ne na lambu.

A wannan lokaci ne ake yafa iri a wurin reno. Tumatir da kabeji suna isa dashe cikin mako 3 zuwa 4, tattasai da attarugu mako 5 zuwa 6, albasa kuwa mako 6 zuwa 8. A kan albasa ba mu da abin da za mu koya wa maƙwabtanmu na Aliero, sai dai mu je mu koya a wurinsu, mu sayi iri a hannun wanda muka ga gonarsa da idonmu. A yi dashe da yamma, a ba da ruwa nan take. Karas ba ya son dashe, a shuka shi inda zai zauna, a tsinke shi in ya yi cunkoso. Da rani komi ake yi, wato a sa tsakiya ya yi ƙasa da gefe domin ruwa ya tsaya.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lambu ba ya ba da wahala. Latas, kabeji, karas, tumatir, duk suna jin daɗin sanyin dare. Abin da muke so a lura da shi a nan shi ne, wannan ba lokacin hutu ba ne, lokacin tanadi ne. Tumatir ya yi araha? A yanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, ba a bakin hanya inda ƙura da awaki suke bi ba. Haka tattasai. Ganye kuwa a inuwa ake shanya shi, gama rana tana kashe abin nan da yake hana dundumi. Ganyen da ya bushe yana kore shar shi ne mai amfani, wanda ya koma ruwan ƙasa ya rasa rabin kirkinsa. Albasar ajiya kada a cika mata takin zamani, a yanke mata ruwa kamar mako 2 kafin a cire, a bar wuyanta ya bushe sarai, a ajiye inda iska take ratsawa.

Ƙwari ba su rasa zuwa. Darɓa tana kama kabeji, tsutsa tana huda tumatir. Ba a manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsar tana nan har yanzu. A ƙaramin lambu maganin farko ido ne da hannu: a duba bayan ganye kowace safiya, a tsinke wanda ya kamu a ƙone. Na biyu dogon yaro ne, wanda ba gidan da ba shi kusa. A daka busassun 'ya'yansa, cikin hannu 2 ga lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da yamma. Iyayenmu sun yi amfani da Gamalin, amma tun 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina noma da gubar da take cikinsa. Kada kuma a ɗauko maganin auduga ko na wake a fesa wa latas ɗin da yara za su ci jibi.

Bazara

Ga inda lambu yake nuna ko an yi shi da tunani. A Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a nan. Latas yana tsiri ya yi ɗaci, kabeji ya ƙi naɗewa, tumatir ya yi fure amma furen ya zube ba ɗa, domin zafin rana da na dare sun fi ƙarfinsa. Kada a ɓata ruwa a kansu. A cire su, a rage lambun zuwa rabi, a tara ruwan a kan abin da zai iya da zafi.

Alayyafo shi ne na farko. Cikin mako 3 zuwa 4 ya isa ci, in kuwa an yanka shi aka bar gindi zai sake tohowa sau biyu ko uku. Dabarar ita ce kada a yafa shi duka rana ɗaya. A raba komi uku, a yafa kashi ɗaya kowane kwana 10, ta haka ba ranar da za a rasa ganye. Kuɓewa, wadda muke kira guro a nan, tana fara ba da 'ya'ya wajen mako 7 ko 8, tana kuwa son zafi. Lalo da rama da yakuwa haka. Dankalin Hausa ma a bar masa ɗan wuri. Ganyensa ana miya da shi, sa'an nan da ruwa ya sauka kana da igiyar dashe a hannu, ba sai ka bi mutane kana roƙo ba. In ka sami irin nan mai jan ciki kamar gwanda, ka riƙe shi da kyau, ya fi fari amfani ga idon yara.

A yi wa komi rumfa mai shara-shara da kara, wadda za ta rage rana ba ta hana ta ba. A rufe ƙasa da tattaka ko busasshen ganye kaurin yatsa 3. A ba da ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba. Akwai wata tsohuwar dabara da muke so kowace ƙungiya ta gwada. A sami tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi ba, a binne shi har wuya a tsakiyar komi, a cika da ruwa a rufe bakinsa, a shuka barkono ko guro kewaye da shi. Ruwan yana tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi, sai a ƙara bayan kwana 2 ko 3. Tulun da ya ɗan tsage, wanda uwargida ta yar, shi ma yana yi.

Amma gaskiyar magana, abin da yake riƙe gida da bazara itace ne. Saiwarsa tana zuwa inda ta alayyafo ba ta kai ba. Zogale guda 10 a jikin darni sun isa iyali. Kada a bar shi ya yi tsawo kamar sandar tuta, a sare kansa daidai ƙugu ko ƙirji domin ya yi rassa inda hannu zai kai. Ruwan wanka da na wanke hatsi, in an ja masa 'yar hanya zuwa gindin zogale ko gwanda, ya ishe su. Wannan ruwa na itace ne kawai, kada a zuba shi a kan abin da ake ci ɗanye. Kuka ma ana iya shuka ta a komi kamar alayyafo. A jiƙa 'ya'yan cikin ruwan zafi su kwana, a shuka kusa kusa, a riƙa tsinkar ɗanyen ganye ba tare da an bar ta ta girma ba. An gwada wannan a wajen Segu ta ƙasar Mali, mata suna samun ɗanyen ganyen kuka a tsakiyar rani, ba mai hawa itace balle ya faɗo.

Dubi kuma hikimar Mahalicci, mangwaro yana nuna ne daidai watannin nan da ganye ya yi wuya. Gidan da yake da mangwaro ɗaya da gwanda biyu, yaransa ba su cika sanin dundumi ba.

Furanni fa?

Wani dattijo ya taɓa ce mana a wurin taro, fure ba ya shiga miya. Ba mu yi masa gardama ba, amma ba mu yarda duka ba. Kabewa da kankana da gurji ba su yin 'ya'ya sai ƙudan zuma ya kai garin fure daga namiji zuwa tamata, fure kuwa shi yake kiran zuma cikin lambu. Shi ya sa muka ce a yi feshi da yamma, bayan zuma ya koma gida. Akwai fure mai ruwan ɗorawa da ƙarfin wari da ake kira marigol. In ka tumɓuke tumatir ko guro ka ga saiwarsa ta yi ƙulu-ƙulu, waɗansu tsutsotsi ne da ido ba ya gani suka kama ta. A cika wannan komi da marigol wata 2 ko 3, zai rage su ƙwarai. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa yana da ƙanshi, ganyensa kuwa kuɗi ne a kasuwa. Yakuwa ma ai fure ce, daga gare ta muke samun zoɓo.

Ko da ba domin wannan duka ba, Ubangiji da kansa ya ce wa almajiransa su dubi furannin jeji su koyi darasi. Zumuntar mata in ta yafa ziniya da marigol a farkon Oktoba, za ta sami abin ƙawata ɗakin sujada ran Kirsimeti ba tare da sayen furen roba ba. Boganbiliya kuwa da rani take fure, tana nan har Ista, ba ta kuma neman ruwa da yawa in ta kama. A ba furanni gefen komi da bakin ƙofa, kada su ci tsakiyar lambu. Guda ɗaya muke gargaɗi a kansa, wato oliyanda, ɗan itacen nan mai dogayen ganye da fure ja ko fari da akan shuka a bakin ofisoshi. Dafi ne daga ganye har saiwa, yana kashe akuya, yana iya kashe yaro. Kada ya shigo gida.

Damina

Da ruwa ya zauna a Yuni hankalin kowa yana komawa gona, lambu ya zama maraya. Ba laifi, gama gero shi ne gaba. Sai dai a juya komi ya zama kunya, domin yanzu yawan ruwa ne abin tsoro, ba rashinsa ba. A shuka guro, gauta, barkono, rama, yakuwa, a sa kabewa ta hau darni ko rufin rumbu. Tumatir na damina yana fama da ciwon ganye, in za a yi shi a kafa masa sanda, kada ya kwanta a ƙasa. Kada a mai da tumatir inda tattasai ko gauta suka tashi, gama dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. A sa wake ko alayyafo a tsakani.

Babban aikin damina shi ne dashen itace, watansa kuwa Yuli ne, domin ya sami ruwan sama na wata 2 ko fi kafin rani. A haƙa rami ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka. Gwanda tana ba da 'ya'ya kafin shekara ta kewayo. A shuka 3 a rami ɗaya a kan ɗan tudu, gama ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, in sun yi fure a bar mata, a bar namiji ɗaya kawai ga dukan gidan. Gwaba shekara 2 zuwa 3 take ɗauka, lemun tsami 3 zuwa 4. Mangwaro mai aure yana fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, ba ka kuma san irin ɗan da zai ba ka ba. A nisanta mangwaro daga bango da rijiya da masai. Kowane dashe a yi masa keji na ƙaya a ranar da aka dasa shi, ba gobe ba.

A nan ne ƙungiya take da aiki. Mutum ɗaya ba zai yi tafiya domin dashen mangwaro 2 ba, amma gida 20 in sun haɗa kuɗi, mutum ɗaya zai je ya kawo wa kowa. Haka gwangwanin iri, wanda ya fi ƙarfin gida ɗaya, a saya a raba da cokali. A lura da abin da aka rubuta a jikinsa. In an ga F1, wannan iri na shuka ɗaya ne, 'ya'yansa ba su fitowa kamar uwarsu, kada a ajiye. Amma alayyafo, guro, rama, yakuwa, barkono da kabewa namu na gida, a bar gindin da ya fi kyau ya ƙosa, ba wanda ya rage bayan an ci sauran ba. A shanya irin a inuwa, a gauraya da toka, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da wata. Muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su riƙe waɗannan kwalabe, su kuma rubuta gidan da ya karɓa, domin ya mayar da ninki biyu da kaka. Maƙwabcin da ba ɗan ikkilisiya ba ne in ya zo neman iri, a ba shi bisa wannan sharaɗi, a rubuta sunansa a littafin tare da na kowa.